Yadda Ake Shirya Filin Tseren Motoci na Yumɓu Kafin Daren Gasa

A Amurka, musamman a jihohin Ohio da Iowa da Pennsylvania, akwai ɗaruruwan filayen tseren motoci masu siffar ƙwai waɗanda ba a shimfiɗa musu kwalta ba, ƙasar yumɓu ce kawai. Motoci suna zagaya su ta hannun hagu, suna shiga kwana a karkace, bayansu na zamewa. Manya daga cikinsu, irin su Eldora da Earl Baltes ya gina a Ohio a 1954, da Knoxville na Iowa, da Williams Grove na Pennsylvania wanda aka buɗe a 1939, kowannensu rabin mil ne, wato kimanin mita 800. Irin wannan fili yakan lalace a kowane daren gasa, don haka wajibi ne mai kula da shi ya sake gyara shi duk mako, kuma kusan dukkan aikin ya ta'allaƙa ne a kan yadda zai sa ruwa ya shiga can cikin ƙasa ya zauna.

Tun farko sai a duba ƙasar kanta. Ana son wadda yumɓu ya yi mata yawa, domin shi ne ke riƙe danshi, ya kuma ba taya abin kamawa. Idan yashi ya rinjaya, ruwa zai wuce ya bar ƙura. Duwatsu kuwa dole a tsince su tas, saboda tayar motar da ke gudu tana iya cilla dutse har cikin 'yan kallo.

Aiki yana farawa ne washegarin gasa, tun ƙasa ba ta gama bushewa ba. A cikin dare tayoyi sun kwashe yumɓu daga ƙasan kwana sun tara shi a sama, kusa da katanga, saboda haka sai gireda ta jawo shi ƙasa, ta cike ramuka, ta mayar da gangaren yadda yake. Gangaren nan ba abin wasa ba ne. A Eldora kwanonin sun karkata da digiri 24, kuma idan aka bar wani wuri ya lotsa, nan ruwa zai kwanta ya yi taɓo, nan ne kuma rami zai fara buɗewa a tsakiyar gasa. Rami ba a cike shi da busasshiyar ƙasa a wuce. Sai an farfasa gefensa, an jiƙa, sabuwar ƙasa ta haɗe da tsohuwa, in ba haka ba zagaye kaɗan za a yi ta fice.

Bayan haka sai a buɗe fuskar filin. Tarakta tana jan haro ko garma mai haƙora ta kekketa saman da tayoyi suka danne ya yi tauri, zurfin 'yan inci kaɗan. Wannan mataki shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa, alhali ruwan da aka zuba a kan ƙasar da ba a buɗe ba gangarewa kawai yake yi zuwa magudana.

Daga nan tankar ruwa ta shiga. A nan ake gane gwani, domin babu wani adadin lita da zai dace da kowane mako. Ana la'akari da zafin rana, da iska, da ruwan saman da aka samu ko ake sa rai. Ya fi kyau a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki biyu ko uku, da yamma ko da asuba, lokacin da rana ba za ta shanye shi ba, a kan a kwarara shi gaba ɗaya ranar gasa. Ruwan da aka zuba a makare saman kawai yake jiƙawa: za a fara da santsi, bayan awa guda kuma ƙura ta turnuƙe. Don gwaji, a tona ƙasa da ɗan zurfi a damƙi cikin hannu guda. Idan ta dunƙule ba tare da ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsu ba, an dace; idan ta marmashe, da sauran aiki. A gwada a kowace kwana dabam, domin ɓangaren da inuwar rumfar 'yan kallo ke rufewa yakan riƙe danshi fiye da wanda rana ke duka har faɗuwarta. Abin da ya faru a Bristol da ke Tennessee a 2021 ya isa misali: an lulluɓe filin kankare da ƙasa, aka yi tseren da rana, ƙura ta hana direbobi gani har NASCAR, hukumar da ta shirya tseren, ta koma jera motoci layi ɗaya a duk lokacin da za a sake tashi bayan an dakata. A shekarar da ta biyo baya sai aka mayar da gasar dare.

Idan danshi ya zauna, sai a danne. Ana fara bi da rola mai ƙafafu irin na kofato, wadda ke matse ƙasa daga ciki, sannan manyan motoci masu faffaɗan taya su bi a hankali. Da yammacin ranar gasa akan kira motocin tseren su ma su fito su yi ta zagayawa sannu-sannu, daga ƙasa zuwa sama, har laka ta daina manne wa taya. Aikin ya yi kama da daɓen ɗaki, inda yayyafi da bugu ke tafiya tare.

Ko an fara gasa, mai fili ba ya zama. Yana lura da tudun lakar da ke taruwa a saman kwana, wanda direbobi ke jingina tayar baya ta dama a kansa don samun gudu, yana kuma lura da ƙasan filin inda yumɓu ke yin baƙi da sheƙi. A ganina fili mafi kyau shi ne wanda hanyoyin nan biyu suka yi kusan daidai, domin a nan ake samun wuce juna. Abin gudu shi ne robar tayoyi ta manne wa ƙasa a layi guda, kowa ya bi ta nan a jere, tayoyi kuma su cinye da wuri. Da zarar an ga alamar haka, sai a yi amfani da hutun da ke gaban babban tsere a ɗan karce saman, a yayyafa ruwa, a sake dannewa, ko da 'yan kallo za su jira rabin awa suna gunaguni.