Yadda ake zana tafiyar aikin kasuwanci a kwamfuta, a ɗora shi a inji, a gano inda ya maƙale

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Mile 12 da ke Ketu a Legas da asuba, lokacin da manyan motoci ke sauke albasar Aliero da tumatirin Kano, ya san cewa cinikin sari ba ya ƙarewa da "na saya" da "na sallama". Bayan sallamawa akwai jiran alat, akwai rubuta rasit, akwai umartar mai sito ya saki kaya, akwai sallamar 'yan dako da la'adar dillali, kuma kowanne yana hannun mutum daban. Idan kamfanin sari ya bunƙasa har ya fara kai wa otal-otal na Ikeja da Lekki kaya kullum, riƙe waɗannan matakai a ka ko a saƙonnin WhatsApp yakan gagara. A nan ne manhajar zana tafiyar aiki take da amfani, domin zanen da ka yi shi ne kuma umarnin da kwamfuta za ta bi, ta miƙa wa kowa aikinsa idan lokacinsa ya zo.

Alamomin da aka fi amfani da su wajen wannan zane su ne na BPMN, wanda ƙungiyar OMG ta fitar da sigarsa ta 2.0 a shekarar 2011, aka kuma karɓe shi a matsayin ƙa'idar ISO/IEC 19510 a 2013. Zan kafa misalaina a kan Camunda Modeler, manhajar da ake saukewa kyauta, amma alamomin ɗaya ne a duk manhajar da ke bin ƙa'idar. Da'ira tana nufin wani abu ya faru, mai siririn baki ita ce farko, mai kaurin baki ita ce ƙarshe. Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi aiki ne da mutum ko na'ura za ta yi. Murabba'in da aka tsayar a kan kusurwarsa mararraba ce, kibiya kuwa ita ke nuna inda za a nufa. A ƙarƙashin zanen manhajar tana rubuta fayil na XML, kuma shi ne inji, wato manhajar da ke aiwatar da zanen, yake karantawa.

Kafin ka buɗe manhajar, ka ɗauki takarda da biro ka zauna da waɗanda suke yin aikin da hannunsu. Maigida zai faɗa maka yadda ya kamata a yi, akawu da mai sito su ne za su faɗa maka yadda ake yi. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce, "Idan abin bai zo ba, yaya kuke yi?" Idan alat bai shigo ba, idan mota ta kwana a hanyar Ibadan, idan mai saye ya turo rabin kuɗi ya ce sauran sai gobe. Zanen da bai amsa waɗannan ba zai yi kyau a allo, amma ba zai kai mako guda a kasuwa ba. Daga nan ka raba filin zanen layi-layi a kwance, ɗaya na mai karɓar oda, ɗaya na akawu, ɗaya na sito, ka sa wa kowane akwati suna da aikatau a gaba: "tabbatar da biya", "fitar da kaya".

Hanyar fahimtar yadda inji ke tafiyar da zane ita ce ka ɗauki kowace oda a matsayin ɗan dara guda da aka ajiye a da'irar farko, yana matsawa daga gurbi zuwa gurbi. Mararraba mai alamar X tana tura ɗan darar hanya ɗaya tak, gwargwadon sharaɗin da ya cika. Mararraba mai alamar tarawa kuwa tana mayar da shi biyu ko uku, kowanne ya bi hanyarsa a lokaci guda, misali akawu yana rubuta rasit yayin da sito ke loda buhuna. Mafi yawan matsalar da sabon mai zane ke shiga daga haɗa waɗannan biyun take tasowa. Idan ka raba hanya da X sannan ka haɗe ta da alamar tarawa, mahaɗar za ta zauna jiran ɗan dara na biyu wanda ba a taɓa sakowa ba, odar ta tsaya cak ba tare da wani saƙon kuskure ba. Idan kuma ka raba da alamar tarawa ka haɗe da X, 'ya'yan dara biyu za su wuce ɗaya bayan ɗaya, duk aikin da ke gaba a yi shi sau biyu, kuma idan aikin nan biyan direba ne, an biya shi sau biyu ke nan. Da alamar da ka raba, da ita za ka haɗe. Ka kuma ware wa kowace mararrabar X hanyar da za a bi idan babu sharaɗin da ya cika, in ba haka ba inji zai tsayar da odar.

Jira shi ne ɓangaren da ya fi bukatar natsuwa. Matakin jiran kuɗi ka yi shi a matsayin jiran saƙo, ka ba shi lambar oda ta zama mabuɗin da inji zai gane da shi wace oda ce aka biya, domin 'yan kasuwa biyu suna iya turo adadi ɗaya cikin minti ɗaya. A gefen matakin ka liƙa alamar agogo, ka rubuta tsawon jiran da tsarin ISO 8601: PT2H awa biyu ne, P1D kwana ɗaya. Agogo mai cikakken layi yana katse jiran ya kai odar wata hanya, mai ɗigo-ɗigon layi kuwa yana aika tunatarwa ne kawai, jiran ya ci gaba. Ga tumatir, wanda ba ya jure zafin Legas, awa biyu ma da yawa. Ga albasa ana iya sassautawa. Idan kuma ka sa takamaiman lokaci, ka tuna cewa sabar, wato kwamfutar da inji ke aiki a kanta, sau da yawa tana kan agogon duniya na UTC, Legas kuwa tana gaba da awa ɗaya, don haka ƙarfe takwas ɗin sabar ƙarfe tara ne a Ketu.

Kada ka ɗora zane kai tsaye a injin da ake ciniki da shi. Ka fara gwada shi da ƙarin manhajar kwaikwayon tafiyar ɗan dara da ake haɗawa da Modeler, ka bi kowace hanya da idonka, sannan ka ɗora a injin gwaji da odojin bogi, har da na banza da gangan: kuɗi sifili, lambar waya babu, alat sau biyu. Ɗorawar kanta latsa maɓalli ne. Abin lura shi ne, duk sanda ka sake ɗora zane mai lambar shaida iri ɗaya, inji yana ajiye shi a matsayin sabuwar siga, sababbin odoji su hau ta, waɗanda ke kan hanya kuma su ƙarasa a tsohuwar sai dai in ka ƙaurar da su da kanka. Shi ya sa za ka gyara kuskure da safe, da rana akawu ya kira ka ya ce har yanzu yana nan.

Idan oda ta maƙale, ka buɗe Operate, wato allon sa ido na injin Camunda 8, ka nemo ta da lambarta. Zai nuna maka zanen da inda ɗan darar ya tsaya, da kuma bayanan da yake ɗauke da su. Idan wurin ya yi ja, an samu kuskure ne, misali sharaɗin mararraba ya gaza, ko an gwada aikin har adadin da aka ba shi ya ƙare, wanda sau uku ne in ba ka canza ba. Ka karanta saƙon kuskuren tukuna, sannan ka duba bayanan. Sau da yawa laifin ƙarami ne: an shigar da kuɗi a matsayin rubutu mai waƙafi, "450,000", alhali sharaɗin mararraba lamba yake nema, ko kuma sunan ma'ajin bayani a fom ya bambanta da na sharaɗi da harafi ɗaya. Ka gyara bayanin a nan take ka sake gwadawa, sannan ka koma fom ɗin ka toshe ƙofar da ya shigo ta.

Sake gwadawa yana da nasa haɗarin. Idan intanet ta yanke bayan an tura wa direba kuɗi amma kafin amsar banki ta dawo, inji zai ɗauka aikin bai yiwu ba ya sake turawa. Maganinsa shi ne kowane umarnin biya ya tafi da lambar shaida guda wadda ba ta canzawa, kuma kafin a sake turawa a tambayi banki ko wannan lambar ta riga ta wuce. Idan kuwa odar ta tsaya babu ja, to jira take yi: ka duba ko lambar odar da ke cikin saƙon biya ta yi daidai da wadda take jira harafi da harafi, ka kuma duba ko saƙon ya riga ɗan darar isowa wurin har wa'adin da inji ke ajiye saƙon ya ƙare.