In Tempomat ɗin Mercedes ya ƙi kamawa, a fara da birki

Duk mai zirga-zirga tsakanin Damagaram da Maradi a Mercedes ya san daɗin ɗan makunnin nan mai kama da sanda na hagun sitiyari, wanda kamfanin ke kira Tempomat: ka ɗaga shi, ka janye ƙafa daga totur, mota ta riƙe gudunta. Ranar da ya ƙi kamawa sai a shigo mini gareji ana cewa, "Malam, kwamfuta ta mutu, sai an aika Kano." Ba na son jin maganar nan, don da wuya ka ga kwamfutar ce. Yawanci motar ce da kanta ke hana shi aiki saboda wani saƙo ya zo mata a karkace.

Da farko, ba ya kamawa ƙasa da kilomita 30 a awa. Kada ka gwada shi cikin lungunan Birni, hau kwaltar Takeita.

Sai ka sa yaro ya tsaya bayan mota, ka taka birki ka saki. Fitila na kamawa? Tana mutuwa in ka saki? A saman fedar birki akwai wani ɗan makunni, shi ke faɗa wa mota an taka. In ya tsufa, mota za ta ɗauka ƙafarka na kan birki, ta kashe Tempomat, sau da yawa har fitilun gargaɗi na ESP (mai hana mota zamewa) da BAS (mai ƙara wa birki ƙarfi) su fito a allo. A samfurin Mercedes W203 da W210 da ke zuwa mana daga Kwatano, nan nake fara kai hannu. Kayan ba shi da tsada, canjinsa bai kai rabin awa ba. Ka duba fiyus tun kana wurin.

In birki lafiya, koma ƙafafu. Kowace taya na da na'urar ABS (tsarin hana taya kullewa in an taka birki) mai ƙirga juyawarta. Rairayinmu da ramukan hanyar Tanut suna toshe ta ko su tsinke wayarta. Cire, goge, bi wayar da ido. Kuma ka karanta lambar tayoyin huɗu. Wani Alhaji ya yi mako biyu yana shan wahala, ashe taya ɗaya ya sa wadda ta fi sauran tsawo, mota ta ga lissafi bai zo daidai ba.

An cire batir kwanan nan? Tada mota, murɗa sitiyari ƙarshen hagu, sannan ƙarshen dama, don mota ta sake gane matsayin sitiyarin. Batir mai rauni ma na hana Tempomat kamawa.

Masu Distronic kuwa, wato Tempomat mai auna tazararka da motar gabanka da rada, radar na bayan ragar gaba. Ƙurar hunturu na rufe mata ido. Tsumma mai laushi da ruwa ya isa, kada a kankare.

In duk wannan bai yi ba, a jona na'urar bincike ta Mercedes mai suna Star a karanta lambar matsalar kafin ka fitar da ko dala.