Yadda na samu abokina ya saurare ni ba gardama

Alhamdulillahi, an wuce wurin. A da, duk sanda na faɗa wa abokaina firgicin da ke kama ni tun bayan haɗarin mota, sai su ce raki ne, ko "ai ya wuce".

Da farko na jero hujjoji, har da takardar likita. Sai hirar ta koma shari'a, kowa na jiran inda zan yi tuntuɓe. Dogon saƙo a waya kuwa "Allah ya sawwaƙe" kawai ya samo. Faɗa cikin taro ya fi muni, mutum ɗaya na yin dariya sauran za su bi.

Daga baya na ware mutum ɗaya, wanda ya fi riƙon sirri, na nemi minti 15 ido da ido, wayoyi a aljihu. Kafin labari na faɗi buƙatata: "Abokina, ba shawara nake nema ba, ba kuma sai ka yarda ba, ka dai ji ni." Wannan jimlar ce ta kashe musun, domin ta sauke masa nauyin yanke hukunci. Sai na kawo misali guda tak, da ranarsa: zuciya na bugawa, hannu na rawa, minti 10 na kasa shiga mota. Ban ce "kullum" ba, kalmar nan ita ke jawo gardama. Da ya katse ni na ce "bari in ƙarasa", ban ɗaga murya ba, kuma na tsaya kafin lokacin ya cika.

Bayan kwana 3 shi ya kira da kansa yana tambayar yadda zai taimaka. Na gode masa ƙwarai.