Yadda Ake Ɗanɗana Zoɓo a Tantance Mai Kyau

Yawancin masu sayen soɓorodo a kasuwar Gusau ko Talata Mafara da ido kawai suke ciniki: su damƙi kaɗan, su duba ja ne, su ce a auna. Ido yana da nasa aiki, amma zoɓo abin sha ne, kuma buhu biyu masu kama ɗaya sukan bambanta ƙwarai idan sun shiga ruwa. Mai dafawa don sayarwa, musamman a watan azumi, da mai tara buhuna don kaiwa Dawanau a Kano, duk ya kamata su iya gwada shi da harshe kafin su zuba kuɗi.

A fara da busasshen. Abin da ake jiƙawa kwanson furen yakuwa ne, wadda mu a nan muke kira sure, ana cire shi bayan damina a shanya. Ka matse ɗaya tsakanin yatsu. Wanda ya bushe sosai yakan karye ƙaras, wanda ya sha raɓa ko aka yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi kuwa lanƙwashewa yake yi kamar fata. Ka tura hannu har tsakiyar buhu, domin a can ɗumi da warin hunhuna suke ɓuya. Ka zazzage mudu ɗaya a farin faranti ka ga yawan yashi, kara da gurguzu da za su rage a ƙasa. Idan ka ga gari-gari da ƙananan huji, ƙwari sun riga ka.

Iri uku aka fi sani: baƙi mai duhun ja, ja mai haske, da fari wanda aka fi sa wa miya. Baƙin ya fi ba da launi, jan ya fi tsami. Kada a haɗa su a gwaji ɗaya a ce wani ya ci wani, kowanne da ɗan'uwansa ake gwada shi.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne daidaito. Daga kowane buhu a auna giram 10 a ƙaramin sikeli, a ɗauraye da ruwan sanyi sau ɗaya cikin hanzari, domin launi yana fara fita nan take. A tafasa rabin lita, wato ruwan leda ɗaya, a zuba a kai, a rufe minti 10, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Ruwa iri ɗaya, lokaci ɗaya, kofunan gilashi iri ɗaya. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana kashe tsami ya dusashe launi, sai ka ɗora wa manomi laifin da na rijiya ne. Haka tukunyar ƙarfe mai tsatsa takan baƙanta shi ta sa masa ɗanɗanon ƙarfe, don haka a jiƙa a gilashi ko kwanon tasa mai rufin fenti da bai fashe ba. A wannan mataki babu sukari, babu citta, babu kanumfari, babu bawon abarba. Waɗannan duka suna rufe aibu ne, mu kuwa aibun muke nema.

A sa wani ya rubuta lamba a gindin kowane kofi, ya riƙe takardar a wurinsa. Wanda ya san kofin nan daga buhun amininsa ya fito, harshensa ma yakan yi kara. Mai ɗanɗano kada ya ci goro ko yaji kafin zama, kada ya shafa turare, kuma kada kofuna su wuce biyar ko shida, saboda tsami yana kashe haƙora ya gajiyar da harshe.

Ka ɗaga kofin a hasken rana, farar takarda a bayansa, ka karkata shi. Mai kyau ja ne garau, gefensa na ɗaukar ido, kana hango takardar ta bakin kofin. Idan gefen ya koma ruwan ƙasa, tsohon kaya ne, ko kuma an bar shi a rana ya wuce kima, domin sinadarin da ke ba shi ja yana lalacewa da zafi da haske da daɗewa. Gurɓata kuwa ƙura ce ko rashin tacewa.

Ƙamshi ana shaƙarsa tun yana da tururi. Ana son ƙamshin ɗanyen ɗan itace mai ɗan tsami. Warin hayaƙi yana nuna an ajiye shi kusa da murhu. Warin rumbu mai damshi hunhuna ne, kuma wannan kofin a ture shi gefe, ba a ma kai shi baki.

Sai a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ka kurɓi kaɗan, ka juya shi a baki kamar daƙiƙa 5, ka ja iska ta tsakanin haƙora, sannan ka haɗiye ko ka tofar. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin sukan kira abubuwa uku da suna ɗaya. Tsami shi ne wanda ke tsinka yawu nan take, kuma shi ne ran zoɓo. Wanda ba shi da shi lami ne, ko buhun sukari aka zuba masa ba zai tashi ba. Bauri shi ne bushewar da ke kama dasashi da harshe bayan an haɗiye, irin ta ɗanyar kanya. Kaɗan daga cikinsa yana ba abin sha jiki, amma idan ya yi yawa, ko dai an daɗe ana tafasawa, ko kara da gurguzu sun yi yawa a ciki. Ɗaci kuma a can ƙarshen harshe aka fi jinsa, kuma aibu ne kai tsaye. Bayan ka haɗiye ka ɗan dakata, ka ji ko ɗanɗanon ya zauna ko ya ɓace nan da nan. Ka kurkure baki da ruwa kafin kofi na gaba.

Mu mukan raba maki 20 haka: launi 4, ƙamshi 4, ɗanɗano 8, abin da ya rage a baki 4. Kowa ya rubuta nasa shiru kafin a yi magana, in ba haka ba duk za a bi bakin babba.

Kofuna biyu ko uku da suka yi gaba su ne za a sa wa sukari daidai wa daida, ƙaramin cokali 2 a kowane kofi, a sanyaya a sake sha. Sanyi yana rage jin zaƙi da ƙamshi, shi ya sa wanda ya yi daidai da ɗumi yakan yi kaifi idan ya fito daga firji. Mai sayarwa ya daidaita sukarinsa a kan mai sanyin.

Idan kuma dafaffe ne aka kawo maka a gora, akwai gwaji mai sauƙi. Ka zuba kaɗan a farin kofi, ka ɗiga ruwan kanwa. Zoɓo na gaskiya zai juye ya yi shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu, wanda aka cika da kalar kanti kuwa jansa ba ya gushewa. Zaƙin da ke maƙalewa a maƙogwaro da ɗan ɗaci a bayansa alamar sakarin ce. Gorar da ta kumbura, ta yi huci da aka buɗe, kumfa na tasowa, ta fara rikiɗa zuwa barasa, abin da kan faru da mai sukari cikin kwana ɗaya ko biyu a zafin bazara idan babu firji. Wannan zubarwa ake yi, a wanke gorar da ruwan zafi kafin a sake zuba wani.