Fotasiyam da siraran jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk shekara idan na zauna duba takardun ɗalibai, abu guda nake cin karo da shi. Wai idan sinadarin fotasiyam ya ƙaru a jini, haka zai ƙaru a ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ina! A jini yana tsakanin milimol 3.5 zuwa 5 a kowace lita, a ruwan ƙwaƙwalwa kuwa kusan 3 ne, kuma ko na jini ya hau ko ya sauka, da ƙyar na can yake motsi. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin siraran jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a manne suke da juna ƙam, ba ƙofar da za a sulale. Tun 1967 masu bincike Reese da Karnovsky suka nuna haka.

Kuskure na biyun shi ne ya taɓa ba ni kunya, shi ya sa ba na yafe shi. A jarrabawar baka na tashi gaban allo, ina ji da kaina, na zana famfon sodiyam da fotasiyam, wato furotin da ke musayar su a bangon ƙwayar da ta shimfiɗe cikin jijiyar, a gefen da ke fuskantar jini. Malamin bai ce uffan ba, alli kawai ya sake miƙo mini. Sai da na maimaita wannan kwas. Galibin famfon yana gefen da ke fuskantar ƙwaƙwalwa ne. Yana fitar da sodiyam 3, ya jawo fotasiyam 2 cikin ƙwayar, wato kwashe shi yake yi daga ruwan ƙwaƙwalwa don ya bi ta jini. Wanda ya juya shi ya juya labarin gaba ɗaya. Ku daina haddar kibiyoyi, don Allah! Ni yanzu kafin na zana komai sai na rubuta "jini" a hagu, "ƙwaƙwalwa" a dama, ko da ina sauri.

Famfon nan da ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, yake aiki. Jini ya yanke, iskar oksijin ta ƙare, ya tsaya, fotasiyam ɗin ruwan ƙwaƙwalwa ya haura milimol 50.

Kada kuma a manta da astrosait, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu siffar tauraro, su ma suna share rarar fotasiyam.

Wasu kuma sun ɗauka jijiyar bututu ce kurum. Ƙungiyar mai bincike Mark Nelson ta nuna a 2017 cewa tana jin ɗan ƙaruwar fotasiyam ta wata ƙofar fotasiyam da ake kira Kir2.1, ta aika saƙon lantarki baya, jijiyar da ke ciyar da ita ta buɗe, jini ya ƙaru inda ake aiki. Ɗan ƙari fa na ce. Idan ya yi yawa, jijiyar mai ciyarwa tsukewa take yi.