Yadda ake aiki kusa da kujerar tsira ta jirgin yaƙi

Ɗan ƙanena ya iso Yamai daga Tawa bayan ya gama horo, an ba shi aikin makaniken filin jiragen yaƙi, irin wanda Faransawa ke kira pistar. Ya zo gaishe ni bayan magariba, ko shayin farko bai sha ba ya ce, "Baba, wai da gaske ne kujerar nan tana iya tashi da mutum jirgi na tsaye a ƙasa?" Na ce da gaske ne, kuma ta taɓa yi. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne na zauna na rubuta, don ba shi kaɗai ne sabo a filin ba, kuma ni na riga na ajiye kaki.

Ɗana, fara da gyara sunan abin a ranka. Ana ce mata kujera don ana zama a kai, amma bindiga ce ɗure da aka ɗora wa mutum a baki. Idan matuƙi ya ja marikin da ke tsakanin cinyoyinsa, ɗamaru suna fizgo shi su manne bayansa da jikin kujera, murfin gilas ya fice ko a farfasa shi, sai albarushin da ke cikin bututun baya ya harba kujerar sama a kan dogonta. Wasu igiyoyi su janyo ƙafafunsa don kada su daki gaban jirgi. Tana barin jirgin sai roka ta kama daga ƙasanta, ƙaramar laima ta daidaita ta, sannan ta saki mutumin babbar laima ta buɗe. Idan jirgin yana ƙasa-ƙasa, duk wannan bai wuce daƙiƙa biyu zuwa uku. Nauyin da ke danna matuƙi a lokacin ya kan ninka na jikinsa sau 12 ko fiye, shi ya sa wasu ke fitowa da tsagewar ƙashin baya. Jiragen Mirage 2000 na Faransawa da suka zauna a sansanin sojan sama na 101 a Yamai har ƙarshen 2023, kujerar kamfanin Martin-Baker ta Ingila ce a cikinsu. Su-25 guda biyu da ƙasarmu ta saya daga Yukren a 2013 kuwa suna ɗauke da K-36 ta Rasha. Ƙirarsu ta bambanta, halinsu ɗaya: ba su san ko wa ya ja ba, ba su san ko akwai rufin hangar, wato rumfar ajiye jirage, a bisansu ba.

Kafin ka taka tsani, zazzage aljihunka tas. Biro, goro, makullin babur, ƴar dala ashirin da ta rage maka daga kuɗin kabu-kabu, waya, duka a bar su ƙasa cikin akwati. Cire zobe da agogo. Laya in kana da ita, ba ruwana da abin da ke ciki, amma ta kwana a gida. Kayan aikin da za ka hau da su ka ƙirga su da baki, abokin aikinka yana ji, in kun sauko ku sake ƙirgawa. Ko wace sifana tana da gurbinta a akwati, gurbi guda in ya zama fanko babu jirgin da zai tashi sai an gan ta.

Ka hau tsani, ka tsaya. Hannunka na kan tsani, kanka bai shiga ciki ba tukuna. A gefen jirgin, ƙasa da murfin gilas, akwai jan alama mai kusurwa uku, ita ce ke gaya maka cewa akwai albarushi a nan. Daga inda kake tsaye nemi fil-fil ɗin kariya, waɗanda muke kira gupiy, kowane da jan ƙyallensa. Yawansu da wurinsu ya danganta da irin jirgin, a wasu ma an tsire su da igiya guda, saboda haka lissafin da ke littafin jirginka shi za ka haddace, ba nawa ba. Abin da zan nace maka shi ne wannan: ganin jan ƙyalle yana lilo ba ya nufin fil ya shiga. Bi ƙyallen da ido har tushensa, ka ga ƙarfen ya ratsa raminsa, ka ga marikin yana zaune daram a mazauninsa. Da dare haska da tocila. Idan wani ya ce maka "na riga na duba", ka ce masa madalla, ka duba naka. Ko kaftin ne ya faɗa, amsar ke nan, cikin ladabi.

Dalilin nacin nan ya faru a Ingila, a sansanin Scampton, ranar 8 ga Nuwamba 2011. Wani matuƙin tawagar Red Arrows, masu wasa da jirage a sama, yana zaune cikin jirginsa samfurin Hawk a ƙasa yana shirin tashi sai kujerar ta harba shi. Bincike ya nuna marikin ya riga ya goce daga mazauninsa tun kwanaki kafin nan, aka sa fil ya shiga kamar komai lafiya alhali bai riƙe komai ba, mutane da dama suka duba suka wuce. Duk da haka da ya rayu, domin an ƙera kujerar ta ceci mutum ko jirgi na tsaye. Sai dai wani noti da ke kan mahaɗin laima an ɗaure shi fiye da kima, mahaɗin ya cije, babbar laima ba ta buɗe ba. Ya faɗo daga sama da mita 60 yana ɗaure a kujerar, ya rasu. A 2018 kotu ta ci kamfanin da ya ƙera kujerar tarar fam miliyan 1.1. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne notin. Mu nan mun taso da cewa ƙwararren makanike shi ne mai ɗaure noti har sai ya yi ƙara. Wannan hali na garejin mota ne, ka bar shi a bakin ƙofar sansani. A jirgi kowane noti yana da awonsa a littafi, da sifana mai awo ake ɗaure shi, in ta yi ƙas ka cire hannu.

In ka shiga ciki, san inda hannunka yake a kowane lokaci. Duk abin da aka shafa wa rawaya da baƙi, ko ja, ba abin dafawa ba ne. In za ka miƙe ka dafa gefen jirgi. Kada ka bar ɗamara ta ratsa ta cikin mariki lokacin da kake taya matuƙi ɗaurewa, kuma kada ka ja wata igiya don ka ga inda ta nufa. A watan Maris 2019, a Saint-Dizier ta Faransa, abokan aikin wani dattijo ɗan shekara 64 suka yi masa kyautar yawo cikin jirgin yaƙi Rafale. Ba a ɗaure shi sosai ba, jirgi na tashi ya ji yana shawagi a kan kujera, ya laluba abin kamawa, hannunsa ya faɗa kan mariki. Sai ga shi a sararin Allah ƙarƙashin laima. Shi ya sauka da ransa, matuƙin ma ya sauko da jirgin babu murfi. Ana ba da labarin ana dariya, amma duk wanda ya taɓa zamewa a kan tsani ya san hannu ba ya shawara da kai kafin ya kama abu. Gyaran kujerar kanta kuwa ba naka ba ne. Akwai masu makamai, petaf a bakin Faransawa, su ke cire albarushi su ke fitar da ita. Kai in ka ga abin da bai kwanta maka ba, sauka ka kira su.

Yanzu bari in ba ka nawa abin kunyar, tunda ka ce Baba bai taɓa kuskure ba. Ina ƙaramin sarjan, cikin azumi, bayan azahar aka ce in leƙa wani jirgi in duba wata waya a gefen kujera. Na zazzage aljihun wando, na manta da na ƙirji, inda na jefa carbina mai ƙwaya 33 da na fito daga masallaci. Ina sunkuyawa ya zubo, ya maƙale a wani ƙarfe, na ɗago da sauri zaren ya tsinke. Har yau ina jin ƙarar nan, tsar-tsar-tsar, ƙwayoyi suna gangarawa ƙarƙashin kujera. Shaiɗan ya ce mini babu wanda ya gani. Na tsaya a kan tsani kamar minti guda, gumi na zuba, ina tuna cewa ƙwaya ɗaya in ta shiga gindin sandar tuƙi ko dogon kujera, wani ne zai biya da ransa. Na sauka na gaya wa ajidan ɗinmu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Nawa ne?" Na ce 33. Ya ce, "To, 33 nake so a tafin hannuna." Da tocila da ɗan madubi mai sanda muka tsinci 29 kafin la'asar. Uku suka fito da injin zuƙar ƙura. Saura ɗaya. Aka rubuta jirgin ba ya tashi, aka kira masu makamai suka cire albarushi, aka kawo ƙugiya aka ɗaga kujerar gaba ɗaya. Mutum shida suka sha ruwa a hangar da dabino da ruwan bidon saboda ni, babu mai ce mini uffan. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka same ta, ta lafe a wani lungu bayan dogon kujera. Ajidan ya jera su a kan tebur ya ƙirga sau biyu. Tun daga ranar da yatsu nake tasbihi.

Sai batun ƙasarmu, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. A watan Afrilu zafin Yamai ya kan wuce digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen gilas kuwa tanda ce. Albarushin kujera da laima da robobi duk suna da ranar ƙarewa a rubuce cikin takardun jirgi, zafi kuma ba ya ƙara musu kwana. Saboda haka lulluɓe gilas da mayafinsa duk lokacin da jirgi zai daɗe a rana, kuma kada ka sa hannu a takarda sai ka karanta kwanan watan da idonka. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, toshe bakin inji da murfinsa da zarar ya huce. Ga kuma zanzaro. Ɗan bututun nan da ke auna gudun jirgi, a wurinsa gida ne da aka gina masa kyauta, yini guda ya ishe shi ya cika shi da laka. Boeing 757 da ya faɗa teku kusa da Jamhuriyar Dominika a 1996 da mutum 189, masu bincike gidan irin wannan ƙwaro suka fi zargi. Sa wa bututun hularsa. Da safe kuma idan aka jera ku kafaɗa da kafaɗa kuna tafiya a fili kuna tsintar tsakuwa da guntun waya, kada ka raina aikin. Inji ba ya tauna dutse.

Za ka yi shekaru kana hidimar kujerar nan ba ka ga ta yi aiki ba, kuma haka muke roƙo. In gajiya ta fara sa ka ganin wahalar banza ce, nemi hoton bikin jirage na Le Bourget, kusa da Paris, na 1989. Tsuntsu ya shiga injin MiG-29 na Anatoli Kvochur yana tafiya a hankali kusa da ƙasa, jirgin ya kife, Kvochur ya fice ƙasa da mita 100 daga ƙasa, laimarsa ta buɗe da ƙyar, ya tsira da ƴan raunuka. K-36 ce ta fitar da shi, ƴar gidan wadda ke cikin Su-25 ɗinmu, kuma wani makanike da ba a san sunansa ba ne ya duba ta da safen nan.

Lokacin tashi, bayan ka taya matuƙi ɗaurewa, cire fil-fil ɗin bisa tsarin da littafi ya jera, ka ɗaga su a gaban idonsa ya ƙirga da kansa, sannan a ajiye su a ma'ajinsu. Daga wannan lokacin kujerar a farke take: kada ka sake miƙa kai ko kafaɗa ta bisanta, ko da ya kira ka, zagaya ta gefe. Janye tsani, sa abin toshe kunne, don mu da muka yi wasa da shi yanzu sai an maimaita mana magana. In ya dawo ya kashe inji, zai fito a jiƙe da gumi yana son ya ba ka labarin abin da jirgin ya yi masa a sama. Ce masa, "Ranka ya daɗe, fil tukuna." Sai sun koma raminsu kun gani ku biyu, sannan ya kwance ɗamara, sannan ka miƙa masa ruwa.