Ciwon hanta nau'in C da suga: yadda za a sa ido kafin magani da lokacin shansa

Ƙwayar cutar hanta nau'in C ba a hanta kaɗai take ɓarna ba. Tana sa jiki ya daina jin insulin sosai, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi tsoka da hanta. Shi ya sa ciwon suga nau'i na biyu ya fi yawa a masu ɗauke da ita, balle wanda ya haura shekara 40, ko mai teɓa, ko wanda ciwon ke danginsu. In suka haɗu, suga na hanzarta taurin hanta, yana kuma ƙara haɗarin kansar hanta. Don haka duk wanda gwajin HCV RNA, wato gwajin jini mai gano ƙwayar kanta, ya tabbatar yana da ita, a auna masa suga nan take, ko da ba ya fama da ƙishirwa ko yawan fitsari.

Gwajin farko shi ne na safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa. Ƙasa da 100 mg/dL lafiya lau. 100 zuwa 125 an kama hanya. 126 ko sama, idan an maimaita wata rana ya sake fitowa haka, ciwon suga ne. Abin da ke ɓata gwajin nan a Legas sananne ne: mutum ya baro Agege ko Mile 12 bayan asuba zai je LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, cunkoso ya riƙe shi, yunwa ta sa ya kurɓi shayi da madara a hanya. An gama, sai wata rana. Gara a nemi ɗakin gwaji na kusa, a kai wa likita sakamakon. A kuma duba ma'aunin da ke takardar: wasu na rubuta mmol/L, sai a ninka da 18. Ke nan 7.0 daidai take da 126.

Sai HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wajen wata 3, daga 6.5% ciwon suga ne. To amma a nan mai ciwon hanta ke ruɗuwa. Gwajin ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini. Idan hanta ta yi tauri saifa ta kumbura, ko an yi zubar jini, ko ƙarin jini, ko mutum na da sikila, ko yana shan maganin ciwon hanta ribavirin, ƙwayoyin ba sa daɗewa, sai sakamako ya fito ƙasa alhali suga na sama. Na safen ma kan yi ƙarya, domin hantar da ta taurara ba ta iya ajiye suga da yawa: da safe a ga 90, bayan cin abinci ya zarce 200. Mai taurin hanta ya nemi gwajin shan gulukos gram 75, a auna bayan awa 2. Daga 140 zuwa 199 gargaɗi ne, 200 ko sama ciwo ne.

Na'urar awo ta gida tana da amfani matuƙa, da sharaɗi ɗaya da ba a sassautawa: allurar huda yatsa da alƙalaminta na mutum ɗaya ne. Ta jini cutar hantar ke yaɗuwa, kuma ɗigon da ido bai gani ba ya isa. A wanke hannu da sabulu a bari ya bushe, don ragowar dabino ko lemo a yatsa na ƙara lamba. A rufe robar tsinken gwaji da zarar an zaro ɗaya. Zafi da laimar Legas na lalata su.

Maganin nau'in C na yanzu, sofosbuvir da daclatasvir ko sofosbuvir da velpatasvir, yawanci mako 12 ake sha, kuma yana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Kafin a fara a gwada ciwon hanta nau'in B, don yana iya tasowa a tsakiyar magani. Abin da ba a cika faɗa wa masu ciwon suga ba shi ne, da ƙwayar ta fara raguwa jiki na komawa jin insulin, sai adadin maganin suga da ya yi daidai jiya ya yi yawa yau. A 2018 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a kan haka, musamman a wata 3 na farko. Masu allurar insulin da masu shan ƙwayar maganin suga glibenclamide su ne a gaba wajen haɗarin faɗuwar suga. Su riƙa awo kullum da safe da kafin barci, suna rubutawa, likita ya rage adadin maganin suga in lambobi na sauka.

Idan suga ya yi ƙasa da 70, ko aka ji gumi, rawar jiki, bugun zuciya da jiri, a sha suga gram 15: cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo. A sake awo bayan minti 15, a maimaita in bai hau ba, sannan a ci abinci. Direba da ɗan acaɓa su ajiye ƙwayoyin suga a aljihu. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Maganin suga metformin ba laifi muddin hanta na aiki kuma ƙoda lafiya. Idan ido ya yi ɗorawa, ko ruwa ya taru a ciki, ko mutum ya fara ruɗewa, likita zai dakatar da shi. Jiƙe-jiƙen shawara da ake tallarsu a tasha, da giya, a bar su baki ɗaya.

Wajen abinci, a fara da abin sha: sugan shayi, zoɓo, kunu da lemon kwalba. A rage burodin Agege da garin kwaki, a ƙara wake, kifi, ƙwai da ganye. Amma mai taurin hanta kada ya horar da kansa da yunwa, tsokarsa ce za ta zube. Ya ɗan ci wani abu kafin kwanciya, kamar alale ko kindirmo marar suga. Batun azumi a zauna da likita tun kafin watan ya kama, kuma a karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Mako 12 bayan kammala magani ake sake gwajin RNA don tabbatar da warkewa. Suga kan gyaru, amma ba lallai ciwon ya tafi ba, kada a jefar da maganin suga da ka. A ci gaba da awo aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda hantarsa ta riga ta taurara kuma ya yi hoton ciki duk wata 6.